Ta'aziyyar Shugaban da Ya Kori Kansa

Cikin alhinin da ya shiga kowane gida a cikinmu, tare da miƙa lamari ga Allah wanda ya ba mu shi kuma ya karɓi abinsa, Ƙungiyar Masu Adana Katunan Yaƙin Duniya na Ɗaya ta garin Todmorden da Kewaye tana sanar da ɗaukacin jama'a, da takwarorinta na sauran garuruwan Yorkshire da Lancashire, da duk wanda ya taɓa zama da mu ya sha shayi a zauren majami'a ranar Asabar, cewa ta samu labarin rasuwar wanda ya kafa ta, Shugabanta na shekara arba'in da bakwai, Uban Ƙungiya kuma Mai Kula da Kundinta na Tarihi, dattijo mai daraja Mista Clifford Barraclough, wanda Allah ya yi wa rasuwa da hantsin ranar Litinin, ashirin da ɗaya ga watan Oktoba na shekarar 2019, a gidan 'yarsa, yana da shekara tamanin da shida a duniya.

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga 'yarsa, Misis Gillian Firth, wadda ta yi jinyarsa ba tare da ta taɓa nuna gajiya ba, da ɗansa, Mista Stuart Barraclough, wanda ke kan hanya daga ƙasar Kanada, da jikokinsa biyar, da dukan dangi na kusa da na nesa. Tana kuma roƙon jama'a su yi haƙuri da tsawon wannan takarda, da kuma dariyar da za su tarar a cikinta a inda suka zaci hawaye. Dalili shi ne, tun kafin a rufe wa marigayi ido magana ta bazu a kasuwa da shagon aski cewa wai mun kori tsoho daga ƙungiyarsa yana kan gadon mutuwa. Iyalinsa sun nemi mu fito mu yi bayani da bakinmu. To, gaskiya ne, mun kore shi, kuma ga yadda abin ya faru.

Marigayi ya yi shekara arba'in da ɗaya yana raba wasiƙu a ƙafa, yana hawa da sauka a tuddan garin nan cikin ruwa da ƙanƙara, har ta kai ya san sunan kowane kare kafin ya san na mai gidan. A bakin wannan aiki ne, cikin shekarar 1961, ya tarar da wasu magada suna kwashe kayan wata tsohuwa da ta rasu, sun tara takardunta a bayan gida za su cinna musu wuta. Ya ajiye jakar wasiƙu, ya tsugunna, ya tsamo katunan wasiƙa na zamanin yaƙi ɗari biyu da wani abu daga cikin tarkacen, ya kai su gida a cikin hularsa da aljihunsa. Marigayiya matarsa, Misis Audrey Barraclough, ta sha faɗa mana cewa daga ranar nan ba ta ƙara ganin saman teburin cin abincinsu ba. A shekarar 1972 shi da mutum biyar suka kafa wannan ƙungiya, kuma a ƙarƙashin jagorancinsa ta shirya baje-kolin katuna a kowane watan Nuwamba ba fashi, ta tantance katuna fiye da dubu goma sha ɗaya, ta kuma mayar da sama da sittin ga jikokin sojojin da suka rubuta su, bayan marigayi ya bi diddigin sunaye da tamburan hula da hatimin gidan waya da haƙurin da ba kowa Allah ya ba ba.

Wanda ya san harkarmu ya san cewa katunan nan fuska biyu gare su. A gaba akwai tuta da zaki, da soja yana murmushi sai ka ce biki za shi, da furannin da aka ɗinka da zaren siliki, da baitocin zuga samari su fito su kare ƙasa. A baya kuma akwai abin da sojan ya rubuta wa mahaifiyarsa, wanda galibi bai wuce a aiko masa da safa da taba ba. Marigayi yana ƙaunar duka biyun, amma akwai wani iri da ya fi tsarewa kamar ƙwayar idonsa, wato katin da aka saya a lokacin yaƙi aka ajiye, ba a taɓa rubuta komai a kansa ba. Shi muke kira mai farin baya. Ya taɓa kama wani ɗan damfara a kasuwar katuna ta Leeds yana cika irin waɗannan da wasiƙun ƙarya, da sunan sojojin da ba su taɓa rayuwa ba, don ya yaudari masu saye, kuma abin ya tsaya masa a rai har ƙarshen rayuwarsa. Saboda haka da ya zauna rubuta tsarin mulkin ƙungiya, sai ya sa Doka ta Huɗu, wadda ta ce duk ɗan ƙungiyar da ya ɗora tawada a kan mai farin baya ya fita ke nan har abada, ba zai ƙara taka cikin zauren taro ba. Ya ƙara da hannunsa cewa wannan doka ba a gyara ta, ba a soke ta, ko da kowa ya ɗaga hannu. Ko biro ba a shiga da shi taronmu, fensir kawai.

A nan ya zama wajibi wadda ta sa hannu a wannan takarda ta bayyana cewa tana da hannu dumu-dumu a abin da zai biyo baya, kuma an ba ta izinin ta ce "ni" a inda "ƙungiya" ba za ta wadatar ba.

Cikin mutum biyar da suka kafa ƙungiya tare da marigayi akwai amininsa, Mista Norman Sugden, makanikin motocin haya. Su biyun sun yi shekaru suna yawo a kan babur ɗaya, daga wannan gwanjo zuwa wancan, suna dawowa jiƙe sharkaf amma katunan a bushe cikin rigarsu. A watan Mayu na 1988 Norman yana da shekara hamsin bai taɓa aure ba, don in ya tsaya gaban mace takalminsa yake kallo. Ni kuwa Sakatariyar ƙungiya ce, mijina na fari ya shekara shida da rasuwa. Norman ya rasa yadda zai yi da bakinsa, sai ya ɗauko wani mai farin baya na 1915, mai hoton soja yana miƙo hannu ta tagar jirgin ƙasa, wanda ya yi shekara uku yana roƙon marigayi kafin ya yarda suka yi musaya. Ya rubuta kalma biyar a bayansa, "Marjorie, za ki aure ni?", ya manna kan sarki, ya jefa a akwatin gidan waya.

Kuskuren nawa ne, kuma ban taɓa musun sa ba. Murna ta ɗauke mini hankali, na zo da katin taro na nuna wa kowa. Aka yi ta tafi ana sa albarka, har kati ya isa hannun Shugaba. Ya dubi gabansa, ya juya bayansa, ya daɗe yana kallo, sannan ya cire tabarau ya ce, "Ina taya ki murna, Sakatariya, wallahi har zuciyata. Ɗauko takarda." Da hannuna na rubuta wa wanda zan aura takardar kora, na sa hannu, na buga hatimi, kuma a ambulan ɗin na saka amsata ta amincewa, don ban ga dalilin zuwa gidan waya sau biyu ba. Marigayi ne ya kamata ya zama babban abokin ango. Ya zo ɗaurin auren, ya zauna a bencin ƙarshe, ya ba mu kyautar fensir dozin ɗaya.

Daga nan ba su ƙara yi wa juna magana ba har shekara talatin da ɗaya. Ni ban iya tuƙi ba, don haka kowace Asabar ta farkon wata Norman ke kawo ni taro, ya ajiye mota tana fuskantar ƙofar zaure, ya kashe ta, ya buɗe jarida, ya zauna awa biyu har mu tashi. Marigayi in ya zo wucewa sai ya ɗaga hula, amma ga motar, ba ga mai motar ba. A shekarar 2004 'yan ƙungiya suka kawo shawarar a yi afuwa, marigayi ya buɗe tsarin mulki ya karanta mana layin da ya rubuta da kansa, ya rufe, aka wuce batu na gaba. Norman kuma da na ce ya rubuto ban-haƙuri ko na layi ɗaya ne, cewa ya yi, "Haƙurin me? An buga kati don a aika, na aika, har na samu mata. A nuna mini wanda nasa ya yi masa aikin da ya kai wannan." Zan faɗa a fili cewa na ji haushinsu su biyun, don ban taɓa ganin taurin kai irin nasu ba. Sai dai na san abin da ke ƙasa. Marigayi yakan tare ni wajen shan shayi ya ce, "Sakatariya, motar nan taku lafiya kuwa? Na ji kamar tana tari," alhali Norman ne ke mura. Mu koma gida kuma Norman ya ce, "Tsohon nan ramewa ya yi, ko kwat ɗin ce ta yi masa yawa?" Haka na yi ta kai da kawowa a tsakaninsu ba wanda ya taɓa ce mini sannu.

A watan Agusta na bana likitoci suka shaida wa iyali cewa zuciyar marigayi ta gaji, abin da ya rage makonni ne, in an yi sa'a watanni. Tsoro ya kama ni, kuma ba tsoron mutuwarsa kaɗai ba. Tsorona shi ne ya tafi su biyun ba su ce wa juna uffan ba, don na san mijina, zai ɗauki wannan a ƙirjinsa har nasa kabarin. Na ce da Norman ya tashi mu je mu duba shi. Ya ce, "Wanda ya kore ni da takarda, da takarda zai kira ni." Na je na faɗa wa marigayi a gidan 'yarsa. Ya ce, "Sakatariya, ke ma kin san doka ba ta ba ni ikon rubuta masa takardar dawowa ba. In na yi, me zan ce wa mutum ukun da muka kora bayansa?" Na ce masa dokar nan fa shi ya rubuta ta, ba daga sama ta sauko ba. Ya ce ai shi ya sa. Na fito ina kuka don takaici, na tabbata magana ta ƙare.

Wata ranar Talata a tsakiyar Satumba muna karin kumallo, sai muka ji wasiƙu sun faɗo ta ramin ƙofa. Norman ya je ɗaukowa, sai na ji ihu kamar an taka shi. Abin da ke hannunsa shi ne katin da ya fi kowane daraja a tarin marigayi, mai farin baya na watan Agusta 1914, mai hoton samarin garin nan na farko suna tafiya tasha a ƙarƙashin tuta, wanda ba mu san wani mai irinsa ba, wanda ba a taɓa shi sai da safar hannu. Ga shi nan da sabon kan sarki, da hatimi a dagule, kusurwa ɗaya ta lanƙwashe, baya cike da rubutun biro. Norman ya yi ta zagaye ɗaki yana cewa, "Mahaukacin tsoho! Ya ɓata shi! Wallahi ya ɓata shi!" Sai da na daka masa tsawa na ce ya karanta tukuna. Abin da ke ciki shi ne: "Norman, yanzu mun zama mu biyu. Ka zo ranar Asabar ta farkon wata ka ga yadda ake korar shugaba. Cliff." A cikin wasiƙun ranar kuma akwai tawa, a hukumance, inda Shugaba ke kai ƙarar wani ɗan ƙungiya mai suna Clifford Barraclough bisa karya Doka ta Huɗu da gangan, yana neman a sa batun a kan ajanda.

Ranar biyar ga Oktoba zaure ya cika yadda bai taɓa cika ba, mutum talatin da uku ban da Shugaba, har da waɗanda suka yi shekara ba su leƙo ba. Misis Firth ta turo mahaifinta a keken guragu, sanye da kwat da lambar ƙungiya a ƙirji, ya karɓi kujerarsa ya buɗe taro a kan lokaci. Norman ya fito daga mota a karo na farko, ya tako har bakin ƙofa ya tsaya cak, domin korarre ba ya shiga, kuma ba shi ne zai karya doka sau biyu ba. Da aka zo kan batun, kowa ya shiga neman mafita. Wata ta ce wataƙila magungunan da yake sha ne suka sa shi. Wani ya ce a ɗage magana sai baɗi. Mataimakin Shugaba, Mista Howard Greenwood, mutum mai son zaman lafiya, ya miƙe ya ce shi a ganinsa katin ma ba na ainihi ba ne, kwafi ne na baya-bayan nan, don haka doka ba ta hau kansa ba. Ban taɓa ganin jini ya dawo fuskar mara lafiya da sauri haka ba. Marigayi ya buga tebur ya ce, "Kwafi? Katina ne kwafi? Howard, ka ƙara faɗa in tashi daga keken nan! A kaɗa ƙuri'a, kuma duk wanda ya ƙi ɗaga hannu ina ganin sa."

Muka ɗaga hannu, wasu suna dariya wasu suna share ido, ya ƙirga mu ɗaya bayan ɗaya, ya sa na karanta hukunci da ƙarfi. Sannan ya cire lambar ƙirjinsa ya ajiye a kan tebur, ya ce da 'yarsa, "Gillian, fitar da ni, ba ni da hurumin zama a nan." Ta tura shi ta tsakiyar zaure har waje, mu kuma muka ruga tagogi ba kunya, tsofaffi da mu. A bakin ƙofa marigayi ya haɗu da Norman. Norman ne ya fara magana, ya ce, "Ka tsufa." Marigayi ya ce, "Kai kuma ka yi tumbi. Zaman mota ne." Norman ya ce, "Da biro, Cliff? Biro na ɗan makaranta? Duk garin nan ka rasa alƙalamin kirki?" Sai dariya ta ƙwace musu, irin wadda ke sa mutum riƙe ciki, Norman ya karɓi hannun keken daga wurin Misis Firth ya ce ta je ta huta, wannan aikinsa ne.

Mu da ke ciki muka waiwayo muka ga kujerar Shugaba ba kowa, kuma duk armashin taron ya koma waje. Mafi tsufa a cikinmu, Mis Edna Pickersgill, mai shekara casa'in da ɗaya, wadda ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba, ta buɗe kundinta ta zaro wani mai farin baya ta ce, "Wa ke da biro?" Ba mai shi, doka ta hana. Sai da aka aika wurin mai kula da zaure aka aro nasa, wanda aka ɗaure da igiya a jikin allon sanarwa. Mis Edna ta rubuta wa marigayi layi biyu, ta sa adireshi, ta kawo mini ta ce, "'Yar nan, kore ni, ina sauri." Ta ɗauki sandarta ta fita. Biro ɗaya ya zagaye mutum talatin da uku. Akwai wanda ya rufe ido kafin ya ɗora bakin biro, akwai kuma wanda ya daɗe yana lalube ya zaɓo katin da ya fi kowane lalacewa a kundinsa, wanda yake da irinsa huɗu. Ƙungiya ba za ta ambaci sunansa ba, amma kowa ya gan shi. Ni ce ta ƙarshe. Na rubuta nawa, na karanta wa kaina hukunci a zauren da ba kowa, na kashe fitila na fita.

A filin ajiye motoci aka ƙarasa taron, da kofunan shayi a kan murfin motoci da kek ɗin citta da Misis Firth ta zo da shi, kuma duk wanda ya halarta zai shaida cewa ba a taɓa yin taro mai daɗinsa ba. Daga nan muka yi jerin gwano zuwa akwatin gidan waya na bakin titi, marigayi a gaba Norman na tura shi, kowa ya jefa katinsa. 'Yan ƙungiya uku da ba su samu zuwa ba, da labari ya kai musu, suka kori kansu ta gidan waya a cikin makon.

Kwana goma sha shida Allah ya ƙara masa, kuma 'yarsa ta ce ba ta ga mahaifinta cikin nishaɗi irin na kwanakin nan ba tun rasuwar mahaifiyarta. Katuna suka yi ta isowa. Kullum da safe Norman na can, su jera su a kan bargo, su yi ta gardama a kan wanda ya fi munin rubutu da wanda ya ɓata kati mafi kyau. Sun yi hirar babur, sun yi ta matattu da rayayyu, sun zagi 'yan kasuwar katuna ɗaya bayan ɗaya. Abu ɗaya ne na lura ba su taɓa ba, shi ne shekarun da suka yi asara. Na ce da Norman marigayi ya yi nasa, ya ba da abin da ya fi so a duniya, saura shi, kuma numfashin mutumin nan kullum raguwa yake. Ranar Juma'a ya zauna ya rubuta amsa a kan wani mai farin baya na cikin nasa tarin. Na ce ya kai masa da hannu, tafiyar minti goma ce. Ya ce, "Marjorie, mutumin da ya yi shekara arba'in da ɗaya yana raba wasiƙu ba a miƙa masa kati hannu da hannu, raini ne." Ya jefa a akwati ranar Asabar. Ranar Lahadi ba a raba wasiƙu, kuma a ranar ce jikin marigayi ya tsananta har aka kira limamin majami'a. Ban taɓa jin haushin mijina kamar ranar nan ba, shi ma bai iya cin abinci ba.

Ranar Litinin da safe muna ɗakin, marigayi yana numfashi da ƙyar, Norman ya kafe a taga yana kallon titi. Ƙarfe goma saura kwata muka ji ramin ƙofa ya yi ƙara. Misis Firth ta sauka da gudu ta hawo da kati ta ce, "Baba, ga wasiƙarka." Ya buɗe ido, ya karɓa, ya shafa kan sarkin da babban yatsa ya ji an manna shi daidai, sannan ya miƙa wa Norman ya ce, "Idona ba ya gani. Karanta mini." Haka Norman, wanda ya bi ta gidan waya don kada ya faɗa da baki, ya tsaya a gaban mutane ya karanta: "Cliff, da ni ne shugaba ranar nan, ni ma da na kori kaina. Ban yi fushi da kai ba sai na shekara talatin da ɗaya kacal, kuma ba ranar da ban yi kewarka ba. Ka yafe mini. Norman." Marigayi ya yi dariya har ta koma tari, ya ce, "Talatin da ɗaya da wata biyar. Na yafe, kai ma ka yafe." Ya kama hannun Norman, bai sake shi ba har Allah ya karɓi ransa, kimanin awa ɗaya bayan nan.

Saboda haka, a madadin dukan waɗanda suka zauna a ƙarƙashin jagorancin dattijo mai daraja Mista Clifford Barraclough, muna roƙon Allah Maɗaukaki ya jiƙansa, ya gafarta masa kurakuransa, ya ba shi hutawa ta har abada, ya saka masa da alheri a kan kowace ƙofa da ya ƙwanƙwasa da kowane suna da ya ceto daga mantuwa. Muna roƙon Allah ya ba Misis Gillian Firth da Mista Stuart Barraclough da 'ya'yansu da dukan dangi haƙuri da juriyar wannan babban rashi, ya sanyaya musu zuciya, ya sa albarka a abin da ya bari. Za a yi jana'iza ranar Juma'a, ɗaya ga watan Nuwamba, da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, a majami'ar da muke taro a zaurenta. Iyali sun nemi Mista Norman Sugden ya tsaya a sahunsu, a matsayin ɗan'uwan marigayi, kuma ya amsa ba tare da an aika masa da takarda ba.

Sa hannu:

Misis Marjorie Sugden,
Sakatariya tun 1984, korarriya tun biyar ga Oktoba,
A madadin korarru talatin da bakwai, har da mijinta,
Ƙungiyar Masu Adana Katunan Yaƙin Duniya na Ɗaya ta Todmorden da Kewaye.
Alhamis, 24 ga Oktoba, 2019.